Yaya ake rubuta bayanin kariyar memori ta kanel ɗin Linux?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A wurin aiki an ɗora mini rubuta takardar bayani kan kariyar memori da ke cikin kanel ɗin Linux (zuciyar tsarin, mai kula da memori da kayan na'ura) da muke haɗawa don na'urorinmu, wasu x86-64, wasu arm64. Na buɗe fayil ɗin .config, inda ake kunna ko kashe zaɓuɓɓukan kanel, na tsamo duk layin da ya shafi tsaro, irin su CONFIG_STRICT_KERNEL_RWX da CONFIG_RANDOMIZE_BASE da CONFIG_VMAP_STACK, na jera su a tebur, kowanne da jimla ɗaya ta bayani. Shugaban sashenmu ya duba ya ce wannan kiran suna ne kawai, in koma in sake. Bai faɗi abin da yake so ba. Waɗanda suka taɓa irin wannan aiki, me ake sakawa? Kuma sai na fara da yadda teburin shafuka (mai nuna inda kowane shafi na memori yake da izinin da ke kansa) yake aiki tun daga tushe?

Tsohon_Injiniya

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shugabanka yana da gaskiya, sai dai bai kyauta ba da ya bar ka cikin duhu. Duk wanda zai buɗe takardarka abu uku yake nema game da kowace kariya: me take hanawa, me ba ta hanawa, kuma yaya zan tabbatar tana aiki a na'urar da ke gabana. Na tsakiyar nan shi ne kowa ke tsallakewa, kuma shi ya fi amfani.

Ɗauki STRICT_KERNEL_RWX. Tana sa shafukan da ke ɗauke da umarnin kanel su zama na karantawa da aiwatarwa kawai, shafukan bayanai kuma ba a aiwatar da su. Wato ko maharin ya samu ɓarakar da zai yi rubutu a memorin kanel, ba zai iya zuba umarninsa ya ce furosesa ta bi ba. To amma ba ta hana shi sauya bayanan da dama can ana rubuta su, misali tsarin cred da ke riƙe da lambar mai amfani, ya mayar da kansa root, wato mai cikakken iko a na'urar. Ba ta kuma hana shi harhaɗa gutsattsarin umarnin da ke cikin kanel ɗin tun asali su yi masa aiki. Idan ba ka rubuta wannan ba, mai karatu zai ɗauka an rufe ƙofa ruf, alhali taga a buɗe take.

Ka kuma faɗi cewa modul, wato sassan kanel da ake lodawa daga baya, suna da nasu zaɓin daban, STRICT_MODULE_RWX, kuma rodata=off a layin umarnin tayar da na'ura yana kashe kariyar ko da .config ya ce y, wato a kunne. Ka ambaci tsohon sunanta ma: kafin 4.11 a 2017 CONFIG_DEBUG_RODATA ake ce mata, sunan da ya sa mutane da yawa suka ɗauka kayan gwaji ce suka bar ta a kashe.

KASLR, wato CONFIG_RANDOMIZE_BASE ɗin da ka ambata, ma haka. Ta shigo x86 a 3.14, shekarar 2014, tana sauya adireshin da ake loda kanel duk tashi. Amma adireshi ɗaya tak ya zube a dmesg (rahoton saƙonnin kanel) ko /proc, an gama da ita, don sauran duk lissafi ne daga nan. Saboda haka bayaninta bai cika ba sai da kptr_restrict da dmesg_restrict, saitunan da ke toshe waɗannan hanyoyin zubewa, a gefensa.

Batun teburin shafuka kuwa, sakin layi ɗaya ya isa. Karanta Documentation/security/self-protection.rst a cikin tushen kanel, ka ga yadda aka tsara shi bisa nau'in hari, ba bisa sunan CONFIG ba.

Maman_Arm64

Ina bayan Malam a duk abin da ya faɗa, amma akwai inda teburin naka zai yaudare ka gaba ɗaya: wasu kariyoyin ba kanel ke da su ba, furosesa ce. SMEP, mai hana kanel aiwatar da umarni daga shafukan manhajojin mai amfani, ta zo da Ivy Bridge na Intel a 2012. SMAP, mai hana shi taɓa bayanan waɗannan shafukan sai an buɗe masa hanya da gangan, sai a Broadwell ta zo. Kanel ɗaya, .config ɗaya, amma a tsohuwar na'ura babu su. Sai ka duba smep da smap da nx a /proc/cpuinfo kafin ka rubuta "akwai".

A arm64 takwarar SMEP ita ce PXN, ta SMAP kuma PAN. PAN ta zo da ARMv8.1, don haka Cortex-A53 da A72 ba su da ita a jikinsu, sai dai a kwaikwaye ta da CONFIG_ARM64_SW_TTBR0_PAN. Tunda kuna da gine-gine biyu, kowace kariya ka ba ta gurbi biyu, kar ka cusa su a jimla ɗaya.

KPTI, mai raba teburin shafukan kanel da na manhajojin mai amfani, ma sai an yi hattara. An shigar da ita 4.15 a farkon 2018 saboda Meltdown, wata ɓaraka a furosesa da ke barin manhaja ta karanta memorin kanel, kuma kanel da kansa yake yanke shawarar kunna ta idan ya ga furosesar tana da matsalar. A kan AMD za ka ga zaɓin a kunne a .config, amma /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities/meltdown ya ce Not affected, kuma ba a raba teburin shafukan ba. Duka biyun gaskiya ne, takardarka ce za ta bayyana dalili.

Mai_Fasa_Kanel

Ni ban yarda da takardar da babu gwaji a cikinta ba. Rubutu yana tsufa: a ɗaga kanel, a sauya sunan zaɓi, make olddefconfig ya yi watsi da wanda bai sani ba, takarda kuma tana nan tana cewa komai lafiya.

Haɗa kanel na gwaji da CONFIG_LKDTM, kayan da ke tsokanar kariyoyin kanel da gangan, ka tayar da shi a QEMU, manhajar kwaikwayon na'ura, sannan:

sh -c 'echo WRITE_RO > /sys/kernel/debug/provoke-crash/DIRECT'

Idan kariyar tana aiki, kanel zai kashe wannan sh ɗin, ka ga oops, wato rahoton kuskuren kanel, a dmesg. Idan ba ta aiki, rubutun zai wuce, LKDTM ya buga FAIL. Akwai EXEC_DATA da EXEC_USERSPACE da ACCESS_USERSPACE, kowanne da kariyar da yake tsokana. Ka saka umarnin da abin da ya kamata a gani a ƙarƙashin kowane babi. Amma don Allah kada LKDTM ya bi kanel ɗin da za ku ba jama'a. CONFIG_DEBUG_WX kuwa ana iya barin sa, duk tashi yana duba ko akwai shafin da ake iya rubutawa a kuma aiwatar, ya kai rahoto dmesg.

Sabon_Hannu

Allah ya saka da alheri, yanzu na ga inda aka dosa. Saura ɗaya: mprotect da pkeys da mseal fa? Su ma su shiga nan?

Tsohon_Injiniya

A'a, ware musu takarda. Waɗancan kanel ne yake kare kansa, waɗannan kuwa kayan aiki ne da yake miƙa wa mai rubuta manhaja, masu karatunsu daban ne. Mai manhaja yana son sanin cewa adireshin da zai ba mprotect, mai sauya izinin shafukan memori, dole ya faɗa kan farkon shafi, in ba haka ba kuskuren EINVAL zai samu, kuma a x86 ba za a ba ka izinin rubutu ba tare da na karatu ba, ko da PROT_WRITE kaɗai ka nema.

A pkeys, tsarin makullan da ake sa wa shafuka don sarrafa izininsu, wanda ya shigo a 4.9, ka rubuta cewa makullai 16 ne a x86, na sifili an riƙe shi don amfanin yau da kullum, saura 15. Rajistar PKRU, mai riƙe izinin makullan, ta kowane zare (thread) ce, manhajar da kanta tana iya sauya ta ba tare da ta tambayi kanel ba, kuma ba ta shafi aiwatar da umarni ba, karatu da rubutu kawai. Wanda ya riga ya ƙwace tafiyar manhajar zai iya buɗe makullin da kansa.

Shi kuwa mseal, mai like yankin memori don kada a sauya shi, ya shigo ne a 6.10 a 2024, kuma na 64-bit ne kaɗai. Da zarar an like yanki, ba mprotect, ba munmap, ba mremap a kansa har manhajar ta fita ko ta kira exec. Duba uname -r na na'urorinku tukuna, idan kuna kan 6.6 ko 6.1 babu shi ma, layi ɗaya da ke cewa haka ya wadatar.