504 ɗin mahaifinmu ta maƙale a gareji: wanda ya taɓa shiga irin wannan rigimar ya faɗa mana yadda ya fita

Mai 504, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 salun, haɗin kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna, wadda ya saya sabuwa fil a farkon shekarun 1980. Bara na kai ta wajen wani fanel bita a kan ya yanke duk inda tsatsa ta ci, ya yi waldar sabon ƙarfe, ya mayar mata da launinta na asali, ruwan madara. Na ba da fiye da rabin kuɗin kafin alƙalami. Damina ta wuce, hunturu ya shigo, sannan ya kira ni wai aiki ya kammala. Daga nesa mota sai sheƙi take. Da na matsa kusa sai na ga fentin ya fara ƙuraje a saman tayar baya, bambar gaba ba tamu ba ce, tambarin zakin ma na roba ne aka manna. Ya ce ko in cika masa kuɗinsa ko mota ba ta fita. Ba mu rubuta komai ba, sai saƙonnin WhatsApp da shaidar tura kuɗi ta banki. Ƙanena ya dage a kira 'yan sanda, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da haka ba.

Dattijo, tsohon ma'aikacin Kakuri

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Malam. Na yi shekaru a layin haɗa jikin mota a kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara aiki a 1975, kuma 504 ta wuce ta hannunmu har shekarun 2000. Saboda haka ka saurare ni: kafin ka ɗaga murya, ka fara sanin abin da ke ƙarƙashin fentin nan.

Ka sami ƙaramin mayen ƙarfe, irin na tsohuwar lasifikar rediyo, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti. Ka bi da shi ƙasan ƙofofi, da bakin mazaunin tayoyi, da gefen fitilun gaba, da ƙasan gilashin baya. Inda ƙarfe yake zai kama. Inda ya sulluɓe ya faɗo, foti aka cusa, wato ƙullin nan da ake shafawa a cike lotsawar jikin mota. Foti kaɗan don daidaita fuska ba laifi ba ne, kowa na sawa. Amma a toshe ramin tsatsa da shi, wannan ha'inci ne, domin tsatsar tana nan tana ci daga ciki, ruwan farko na damina zai tona asiri. Ƙurajen da ka gani alamarta ce. Ka kuma ɗaga kafet ka leƙa, ka buɗe but ka duba cikin kusurwoyi. Walda ba ta ɓuya ta baya, za ka ga layinta da ƙunar wuta. In ka ga tsohon rami da foti ya tsattsafo ta ciki, ka ɗauki hoto, shaidarka ke nan.

Tawa 504 wagon ce, an taɓa yi mini haka a ƙofar baya. Na yi gwajin nan a gaban mai garejin da yaransa, ban ce uffan ba. Da mayen ƙarfen ya faɗi ƙasa, shi da kansa ya ce in bar ta zai sake.

Malami, Unguwar Sanusi

Don Allah ka riƙe ƙanenka. Mu Mercedes 230E ce ta gidanmu, yayanmu ya fusata ya ɗebo 'yan sanda. An kama mai gyaran, danginsa suka yi belinsa, ita kuma motar aka ja ta zuwa ofis a matsayin shaida. Can ta zauna rana da ruwa, tayoyi suka sace, kujerun suka tsattsage. Da muka karɓo ta, babu wani a garejin nan da na kusa da shi da ya yarda ya taɓa ta, sun ce mu masu kai ƙara ne. Kuɗinmu kuwa ko sisi bai dawo ba.

'Yar'uwarku lauya, Barnawa

Abin da Malamin Unguwar Sanusi ya faɗa gaskiya ne, kuma doka ma ba ta goyon bayan kiran 'yan sanda a kan irin wannan. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba. Aiki bai yi kyau ba, ko an makara, wannan maganar sulhu ce ko kotun farar hula. Abu biyu nake so ka bambance, Yaya. Mai gyara yana da damar riƙe abin da ya gyara har a biya shi haƙƙin aikin da ya yi, saboda haka kada ku je da majiya ƙarfi ku janye ta da dare. Amma ba shi da damar sayar da ita ko cire mata kaya. In ta tabbata ya kwance bambarku ya sayar, wannan cin amana ne, kuma laifi ne a Penal Code, wato dokar hukunta laifuka. Sai dai ni ba da shi nake fara buɗe baki ba, ajiye shi nake a aljihu.

Na taɓa raka kawuna irin wannan rigima. Saƙonnin waya da shaidar banki su suka tsaya mana a madadin takarda, don haka kada ka goge komai, har saƙon murya. Dokar kare masu sayen kaya da aiki ta tarayya ta 2018 ta ba ka damar neman a gyara aikin ko a mayar maka da wani kaso na kuɗi. In sulhun gida ya ƙi, akwai zauren sulhu na Multi-Door a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha, ya fi shari'a sauri da sauƙin aljihu.

Hajiya, Malali

Ni ta hannun shugaban garejin na bi, kuma ita nake ba kowa shawara. Volkswagen Beetle ce ta maigidana marigayi, haɗin Legas. Batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake, ruwan batirin ya cinye ƙasan wurin har kana hango titi. Na biya a yanke a sa sabon faranti. Mutumin ya shimfiɗa wani gwangwani, ya bi shi da baƙin fenti, ya mayar da kujera.

Ɗana ne ya gano. Ban yi wa mai gyaran magana ba, sai na tambaya wane ne shugaban ƙungiyarsu ta masu gyaran mota, NATA, a wurin. Wani dattijo ne, gemunsa fari tas, yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota a gindin maina. Na gaishe shi, na ce Baba, amanar marayu na kawo maka. Ya sa mana bayan La'asar. Ya kira wasu manyan masu walda biyu, aka cire kujerar, ɗaya ya sa sukundireba ya danna, sai ga ta ta ɓulla waje. Wallahi wurin ya yi tsit. Dattijon bai zage shi ba, ya dai ce masa, ka ci mutuncin inuwar nan da muke ci a cikinta.

Hukuncin da ya yanke bai ba ni duka ba, kuma na yarda da shi. Ya ce tsatsar ta wuce inda aka yi ciniki a kai, don haka ni zan sayo ƙarin ƙarfe, shi kuma aikin hannu kyauta. Cikon kuɗin a hannun shugaban zan ajiye, sai na ga waldar da idona kafin a rufe ta da fenti sannan a ba shi. An rubuta a fallen littafin makaranta, muka sa hannu, masu waldar suka shaida. Abin da ya sa maganar dattijon ta yi tasiri, shi ke da ikon cewa kada a sake ba mutum wurin aiki a filin.

Fanel bita ne ni, Panteka

Ranku ya daɗe, ku bar ni in faɗi namu ɓangaren. Tsohuwar mota ba a sanin cutarta sai an kankare ta. Ka yi ciniki a kan ƙofa biyu, ka sa sanfefa ka tarar da foti na masu gyara uku da suka riga ka. Ka kira mai mota ya ce ai mun gama magana. Kafin ka gama, kuɗin fenti da tina da kabayid sun tashi. Ga motar da ta yi karo yau, gobe za a biya ka ka kai cefane gida, ita kuwa tsohuwa wata da watanni tana cin wuri. Nan ne mai raunin imani yake kama hanyar foti. Ban ce daidai ba ne. Daidai shi ne ya tsayar da aiki, ya kira ka ka gani, a sake ciniki.

Maganar bamba kuwa ba ni da bakin kare shi. Bambar 504 ta asali yanzu nema ake, kowa a sana'ar nan ya san darajarta. Amma ka fara tambayar yaran garejin a hankali, sau da yawa tana nan a bayan shago ko an ɗaura wa wata motar. Kuma in za a sake fentin, kada ka yarda a fesa a fili cikin ƙurar hunturun nan. A kai ɗakin fenti mai rufi, ko da za ka ƙara wani abu.

Mai 504, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na yi gwajin da safen nan, ya kama a ƙofofin gaba, ya faɗi a duka ɓangarorin baya biyu. Ke nan wani aikin ya yi shi da gaskiya, wani bai yi ba. Hajiya, hanyarki zan bi, na riga na sami lambar shugaban. Abin da ban sani ba, me zan nema a zaman: kuɗina ko sake aiki?

Direban tasha, Kawo

Alhaji, sake aiki za ka nema. Kuɗin nan an riga an cinye su, in ka ce sai su, za ka yi ta karɓar alkawari. Na yi shekaru ina jan 504 wagon Kaduna zuwa Kano, na zauna irin wannan zama ba sau ɗaya ba. Ka ce a kankare bayan har ƙarfe ya fito fari, ka zo ka gani, a yi walda ka zo ka gani, sannan fenti. Kowane mataki da nasa kuɗin, ta hannun shugaba. A sa rana a takardar, a kuma rubuta cewa in ranar ta wuce za ka ɗauki motarka a kai wa wani a cire daga cikonsa. Ka tafi da babba guda daga danginku, ƙanen nan naka ya zauna a gida. Duk abin da aka cire a jikinta, ko ƙusa ce, a zuba maka a buhu.

In bambar ta ƙi fitowa, a ƙiyasta kuɗinta a zaman a cire daga abin da yake binka. Ka leƙa wajen masu sayar da kayan mota a Ori Apata da Panteka tun kafin ranar, ka ji farashin ta asali da kunnenka, ka kuma nemo tsohon hoton motar da bambar take jiki ka tafi da shi.