Neman shawara: ta wace ƙofa baƙo zai gaya wa kenel ya goge tsohuwar fassarar adireshi?

Ɗalibi daga Aliero:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina aikin digiri na biyu a kan IOMMU, wato sashen nan da ke tsakanin na'urori, irin su katin sadarwa, da memori, wanda ke fassara adireshin da na'ura ta ambata zuwa ainihin wurinsa a memori. Na kai wani wuri da nake buƙatar shawararku.

Ga yadda abin yake. Idan aka ba kwamfutar baƙo, wato kwamfutar kwaikwayo wadda ke gudana cikin manhajar QEMU, na'ura ta gaske ta riƙe, fassarar takan zama hawa biyu. Teburin hawa na farko na baƙon ne, shi ke rubuta shi yadda ya so. Na biyu na mai masauki ne, wato kwamfutar gasken da baƙon ke gudana a kanta. IOMMU yana bin su duka biyu, sannan ya adana sakamakon a ma'ajiyarsa ta IOTLB don kada ya riƙa maimaita wahala. To idan baƙo ya cire shafi, wato wani yanki na memori, daga teburinsa, zai aika umarnin gogewa, amma IOMMU ɗin da yake gani na kwaikwayo ne. QEMU ke kama umarnin, sai ya miƙa wa kenel, wato zuciyar tsarin aikin mai masauki, kenel kuma ya kai wa IOMMU na gaske. Ƙofar da ke tsakanin QEMU da kenel ita nake tsarawa.

Abin da na zana fom ne guda ɗaya da zai yi wa Intel da ARM aiki, har da RISC-V nan gaba: gurbin da ke faɗin wace ma'ajiya za a goge, gurbin faɗin gogewar, ko duka, ko ta PASID ɗaya, wato lambar da ke ware adireshin wani aiki daga na wani, ko ta adireshi, sai farkon adireshi da yawan shafuka. Mai duba aikina yana son wannan saboda tsaftarsa. Ni kuwa duk lokacin da na ɗauko umarnin ARM in cusa shi cikin fom ɗin, sai wani abu ya rage a waje. In ci gaba da fom guda, ko in bar kowane kamfani da nasa? Kuma idan na kira kenel, ya dawo nan take ko ya jira a gama? Allah ya saka da alheri.

Injiniya daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Hanyar da ka ɗauko an bi ta a Linux, kuma ya kamata ka san inda ta ƙare kafin ka ƙara wata guda a kanta. A 2019 an shigar da fom kusan irin naka sak: nau'in ma'ajiya uku, faɗin gogewa uku, da lambar zubi a samansa. Ya zauna a kenel ba tare da an kammala haɗa shi da ɓangaren masu amfani ba, a 2022 aka cire shi. Da iommufd, sabuwar ƙofar da manhajoji ke sarrafa IOMMU ta cikinta, ya shigo a Linux 6.2, sai aka sake shawara. Kiran IOMMU_HWPT_INVALIDATE da ya zo a 6.8 ambulan ne kawai: lambar teburin da ake nufi, nau'in bayanin da ke ciki, tsawon kowane shigi, da yawansu. Abin da ke cikin ambulan na kamfanin ne. Na Intel adireshi ne da yawan shafuka da tutoci. Na ARM, da ya zo a 6.13, umarnin SMMUv3 ne, wato IOMMU na ARM, mai bit 128, yadda baƙo ya rubuta shi.

Dalilin shi ne abin da hannunka ya riga ya taɓa. Da fom guda, QEMU zai warware umarnin ARM ya mai da shi yaren kowa da kowa, direban kenel kuma ya sake mai da shi umarnin ARM. Fassara biyu ke nan don a koma inda aka taso, kuma a kowace akwai abin da zai iya zubewa. Ballantana teburin hawa na farko da kansa a tsarin kamfanin yake, baƙon ARM ba zai taɓa gudana a kan IOMMU na Intel ba. To wa fom guda zai amfana?

Malam daga Jega:
Injiniya, Allah shi yi albarka, tarihin da kin kawo haka yake. Amma ni ban yarda a ce ma yaro shi miƙa umarnin baƙo ga inji yadda ya zo ba. Wanga abu akwai hatsari ciki. Baƙo ba amintacce ba ne. In ya rubuta lambar na'urar da ba tashi ba hwa? In ya aiko umarnin da ka share ma'ajiyar kowa da kowa? Fom guda yana da wata fa'ida da ba a faɗi ba: abin da babu gurbinsa cikin fom, baƙo ba shi da bakin roƙonsa. Kuma wanga aikin makaranta ne, masu jarrabawa suna son su ga tunanin ɗalibi, ba kwafin abin da ke akwai ba.

Injiniya daga Birnin Kebbi:
Allah ya gafarta Malam, tsoronka a kan hanya yake, kuma da miƙawa ido rufe ake yi da na bi bayanka. Ba haka ake yi ba. Direban ARM yana buɗe kowane umarni ya duba lambarsa, wanda ba ya cikin jerin da aka halatta ya mayar da shi. VMID, wato lambar shaidar baƙo, wanda baƙo ya rubuta ba a ma kallonsa, kenel ke ɗora na gaskiya a kai. StreamID na na'ura kuma lambar da baƙo ya sani ce, sai an duba ta a rajistar na'urorin da aka ba wannan baƙon kafin a musanya ta da ta gaske, in babu ita a rajista umarnin ya faɗi. Umarnin "goge duka" ana rage shi ya zama "goge duk abin da ke ƙarƙashin VMID ɗinka". Tacewar da Malam ke nema tana nan, a cikin direba take, inda aka san ma'anar kowane bit.

Maganar masu jarrabawa kuwa, ina ganin babin da ya kwatanta hanyoyin biyu da misalai na gaske ya fi fom mai kyaun gani nauyi.

Ɗan Yauri:
Ku yi haƙuri yayye, ni shafukan intanet nake ginawa, amma abin ya ja hankalina. Me zai hana duk lokacin da baƙo ya yi motsi a share ma'ajiyar gaba ɗaya a huta? Kuma in ba a goge ba ma, me zai faru?

Mai gyaran saba daga Argungu:
Ɗan Yauri, ka ɗauki ɗan kabu-kabun da ya saba kai buhun shinkafa wani gida har ya daina tambaya. Masu gidan sun tashi, wasu sun tare, ba wanda ya gaya masa. Gobe zai sauke buhun a zauren da ya sani. Haka katin sadarwa zai zuba bayanan da suka shigo cikin shafin da aka riga aka ba wani aiki daban, kuma ba ƙarar da za ka ji, sai dai bayan kwanaki ka ga fayil ya lalace.

Share duka kuwa halal ne, ba ya ɓata komai, tsada ce da shi. A hawa biyu, in kowane teburi mai mataki 4 ne, fassara ɗaya da ba a samu a ma'ajiya ba tana iya cin karatun memori har 24. Ka share duka a kan kowane motsi, katin da ke aiki da sauri zai koma rarrafe.

Ɗalibi, daga nan ka riƙe ƙa'ida guda: kenel yana da izinin goge fiye da abin da aka roƙa, ba shi da izinin goge ƙasa da shi. Za ka buƙace ta, don Intel ba ya karɓar kowane irin tsawo. Yawan shafukan sai ya zama 1, 2, 4, 8, haka, kuma farkon ya dace da wannan girman. A ce baƙo na son goge shafi na 6 da 7 da 8. Ko dai ka raba gida biyu, 6 da 7 a umarni ɗaya, 8 a wani, ko ka goge shafuka 16 daga 0 zuwa 15 a umarni guda. Duka daidai ne. ARM kuma kafin zubi na 3.2 ba shi da umarnin tsawo, shafi-shafi ake bi, ko in sun yi yawa a share duk na ASID ɗin, wato lambar teburin hawa na farkon da suke ciki. Ka rubuta wannan izinin ƙarara a bayanin ƙofarka, don kada wani ya gina manhaja yana zaton abin da bai roƙa a goge ba zai tsira.

Malam daga Jega:
To na ji bayanin Injiniya, kuma na sassauta, ko da yake har yanzu ina ganin tace umarnin kamfani ukku ya fi tace fom guda wuyar tabbatarwa. Amma ga abin da ni ka damuwa da shi fiye da siffar fom. Ɗana, kada amincin mai masauki shi rataya ga baƙo ko da da zare ɗaya. In baƙo ya ƙi goge hawa na farko, kansa ya cuta, don duk inda tsohuwar fassara ta kai, cikin memorin da an ka ba shi ne. Amma ranar da mai masauki zai karɓe shafi daga hawa na biyu, shi da kansa zai goge, har da fassarorin da sun ka haɗa hawa biyun, har da na cikin na'ura, shi jira tabbaci, sannan shi saki shafin. Ba ya jiran baƙo shi roƙa. Ka ware wagga magana da babinta.

Mai gyaran saba daga Argungu:
Malam ya taɓo tambayarka ta biyu, bari in ƙarasa. Kowane IOMMU yana da umarnin jira: Intel na da na jiran gogewa, AMD na da COMPLETION_WAIT, ARM na da CMD_SYNC, RISC-V na da IOFENCE.C. Baƙo yana jera umarnin gogewa, ya sa na jira a ƙarshe, kuma da zarar an ce masa an gama zai sake amfani da shafin. Saboda haka QEMU ba shi da ikon cewa an gama sai injin gaske ya ce an gama. Hanya mafi sauƙin tabbatarwa ita ce kiran kada ya dawo sai an kammala. Ita Linux ya bi, ni ma ita zan ba ka shawara. Abin da zai rage maka tsadar jiran shi ne tarawa: QEMU ya kwashe duk umarnin da ya tarar a layin baƙo har zuwa na jira, ya miƙa su a kira ɗaya. Baƙon da ke goge kowane shafi da zarar ya sake shi, a kan kati mai sauri, zai cika ka da kira in ɗaya-ɗaya kake karɓa.

Inda za ka yi hattara shi ne ATS. Na'urar PCIe mai ATS tana da tata ma'ajiyar a cikinta, gogewar sai ta bi waya ta je ta dawo, kuma ƙa'idar PCIe ta ba na'ura wajen minti guda ta amsa. Na'urar da ta maƙale za ta iya riƙe layin umarnin da wasu baƙi ke amfani da shi. Kada ka riƙe wani babban makulli na kenel kana wannan jiran, kuma ka tanadi lambar kuskure ta musamman ta ƙarewar lokaci.

Injiniya daga Birnin Kebbi:
Ƙari kaɗan a kan ambulan, don abin da ya fita zuwa masu amfani ba ya komawa, dokar Linux ce ba a karya manhajar da ke aiki. Sa girman fom a gurbin farko, ka karanta shi da copy_struct_from_user, wanda ke kenel tun 5.4, don fom ya iya tsawo nan gaba. Duk gurbin da ka ajiye don gobe, da duk tutar da ba ka sani ba, in ba sifili ba ne ka ƙi karɓa tun yau. In ka yi shiru a kansu, wata manhaja za ta cika su da shara, gurbin ya mutu. Adireshi kuma bit 64 ko da a kan wane inji.

Ɗalibi daga Aliero:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan kai wa mai duba aikina tsarin ambulan guda da 'ya'ya daban-daban, in ajiye fom ɗina na farko a matsayin abin kwatanci, in auna su da umarnin Intel da na ARM ɗaya bayan ɗaya. Babin da Malam ya ce shi ma zai shiga. Saura abu biyu. In na miƙa umarni 10 a kira ɗaya, na 7 ya zama gurɓatacce, me zan mayar? Sannan kwamfutata ta hannu ce, tsohuwar Core i5, ban san ko za ta iya gwajin nan ba.

Injiniya daga Birnin Kebbi:
Ka tsaya a na 7, ka tabbatar shidan farko sun kammala, ka mayar da kuskure tare da lamba 6 a gurbin yawan shigi. Gurbin nan shiga da fita ne a iommufd saboda wannan. QEMU na buƙatar lambar don ya tsayar da kan layin baƙo daidai kan umarnin da ya lalace, ya ɗaga tutar da injin gaske zai ɗaga, IQE a Intel, CERROR_ILL a ARM. Daga nan direban baƙo ya san abin yi, don an rubuta shi da sanin waɗannan.

Kwamfutarka kuwa, shiga BIOS ka kunna VT-d, wato IOMMU na Intel, in akwai, ka tayar da Linux da intel_iommu=on, ka nemi DMAR a dmesg. Wannan zai ba ka damar miƙa na'ura ga baƙo ta VFIO, amma kada ka sa rai da hawa biyu irin wanda iommufd ke amfani da shi, don yana buƙatar sabon yanayin da ya zo a ƙa'idar VT-d ta 3.0, irin wanda ke cikin Xeon na Sapphire Rapids na 2023. Abin da zai yi maka aiki yanzu shi ne direban gwaji na iommufd. Kunna CONFIG_IOMMUFD_TEST, ka duba tools/testing/selftests/iommu, akwai IOMMU na ƙarya da ke karɓar kiran gogewa, kana iya duba ko shigin da ka nufa ya goge. Fara da gwajin tuta marar ma'ana, da tsawon shigi da bai kai ba, da adireshin da in an tara shi da tsawo zai zarce bit 64.

Mai gyaran saba daga Argungu:
Haɗa kenel a tsohuwar i5 zai ɗau lokaci, ga zafin Aliero ga wuta. Yi amfani da make localmodconfig da ccache, ka rage abin da ake haɗawa. In ka shigo Argungu ranar Asabar ka yi mini magana ta akwatin sirri, akwai saba a shagona da ke kan sola, sai ka haɗa a kanta ka kwashe a filashi.