"Magana zarar bunu ce": umarnin yin shiru ne ga ɗan jarida Kirista?

Ɗalibar Jarida: Salama gare ku. Wani dattijo a ikilisiyarmu ya ji ina karatun aikin jarida, sai ya ce, "'Yata, magana zarar bunu ce." Na san ma'anarta: in ka zaro bunu daga jinka, ba ya komawa. Amma kamar nufinsa in bar aikin. Haka karin maganar take nufi?

Tsohon Edita: A'a, 'yata. Ba ta hana zara ba, gargaɗi take ka san abin da za ka zaro. Dubi farkon Bisharar Luka. Ya faɗa wa Tiyofilas cewa sai da ya bi diddigin kome tun daga tushe, wajen waɗanda suka gani da ido, kafin ya rubuta. Aikinmu ke nan. Littafin Karin Magana 18:17 ma ya ce mai fara kawo ƙara kamar shi ke da gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. Shi ya sa ban taɓa yarda a buga zargi ba a nemi wanda ake zargi ba.

Matashin Mawaƙa: Baba, ni ina ganin karin maganar ta tsufa. Yau in ka yi kuskure a Facebook, ka goge, ka nemi afuwa, shi ke nan.

Tsohon Edita: Ɗana, ka goge naka, wa zai goge na waɗanda suka riga suka tura? Na taɓa buga sunan wani bawan Allah cikin labarin sata bisa kuskure. Washegari muka gyara. Shekaru bayan haka na haɗu da matarsa, ta ce har yanzu ana nuna 'ya'yansu da baki. Gyaran bai kai inda ƙaryar ta kai ba, kuma abin yana damuna har gobe.

Malamar Lahadi: Na yarda, Baba, amma ina tsoron yadda manya ke fakewa da ita. Sai a yi ɓarna a cikin ikilisiya, a ce kowa ya kama bakinsa don kada a ɓata sunan Ubangiji. Da Annabi Natan ya yi haka, wa zai ce wa Dauda "kai ne mutumin" a kan jinin Uriya, sojan da Dauda ya sa aka kashe? Ayar Littafin Fitowa 23:1 jita-jitar ƙarya ta hana, ba gaskiya mai ɗaci ba.

Mai Sauraro: Ku tuna kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994. Gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, yana ambatar sunayen mutane. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha, ƙasar Tanzaniya, ta hukunta wasu jagororinsa. Ruwanda kuwa ƙasa ce da mafi yawanta Kiristoci ne. Wutar da Wasiƙar Yakubu sura 3 ta ce harshe na kunnawa ke nan.

Ɗalibar Jarida: Na gode, iyayena. Mama, to in na tabbatar da labari, amma fitarsa zai tozarta yarinyar da aka zalunta, ba azzalumin kaɗai ba fa?

Malamar Lahadi: Ki sakaya sunanta, 'yata, ki nemi yardarta tukuna. Nasa kuwa, in hujjarki ta tsaya da ƙafarta, ki rubuta shi.