Haflar farko a Jidda, kuma a tsaye: ina ake tsayawa, me ake riƙewa?

Ɗan Rusaifa

Assalamu alaikum yayyena. Ni dai waƙoƙin da ke shiga raina su ne na yaran nan masu cin gashin kansu, waɗanda ba kamfani a bayansu, su rubuta, su naɗa a ɗaki, su ɗora a YouTube ko SoundCloud. A waya kawai na san su. Ranar Alhamis akwai hafla, wato taron kiɗa, a Jidda, ƙaramin ɗaki ne, a tsaye ake yi, ƙungiyoyi uku za su hau. Daga Makka zan taso. Waɗanda suka saba, ku taimaka wa ƙaninku: ina ake tsayawa, me ake riƙewa, me ke ɓata wa mutum dare?

Mai Mikisa

Wa alaikumus salam ƙanina. Sabon shiga da abu ɗaya ake gane shi: sai ya kutsa gaba har ya dafa dandamali, a zatonsa nan daɗin yake. Nan sauti ya fi muni. Manyan lasifikokin suna gefe biyu, fuskarsu na kallon tsakiyar ɗaki, sautinsu ta gefen kafaɗarka yake wucewa. Abin da ke iso wa na gaba shi ne ganga tsagwaronta, da amfilifayar mai jita, da gurnanin ƙananan lasifikokin ƙasa waɗanda mawaƙa ke jin kansu da su. Muryar da ka zo dominta sai ta nutse, ka riƙa ganin baki na motsi.

Da ka shiga, nemi teburin mai haɗa sauti. Yawanci yana tsakiya, can wajen kashi biyu cikin uku na tsawon ɗakin. Duk abin da yake murɗawa, da kunnensa a wannan gurbin yake aunawa, don haka taku biyu ko uku a gabansa babu wurin da ya kai shi. Kada ka jingina da bango, kada ka shige kusurwa. Bas a nan yake taruwa, sai ka ji gum-gum kamar ana daka a maƙwabta.

Sannan kada ka yanke wa ƙungiyar farko hukunci. Abu biyu ke cutar su. Gwajin sauti daga ƙarshe ake faro shi: waɗanda za su rufe taro su ake fara yi wa, su cinye lokaci, na farko su samu 'yan mintuna. Kuma a lokacin da suka hau ɗakin bai cika ba. Ɗakunan Jidda tayil ne da gilashi da siminti, sauti na dukan su yana dawowa. Jikin mutane da tufafinsu ke shanye wannan amsa-kuwwar, shi ya sa kayan aiki ɗaya, injiniya ɗaya, amma ƙungiya ta uku ta fi daɗin ji.

Anti Nas

Ɗana, kafin tikiti ma ka fara sayen abin toshe kunne. Lissafin ba wuya. Ƙara mai ƙarfin desibel 85, kunne na jure ta awa 8. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 rabin awa, 100 minti 15. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta sa 100 ɗin a matsayin iyaka ga wuraren kiɗa, ka ga ke nan hafla na kaiwa can, kai kuma awa uku za ka tsaya. Ƙwayoyin da ke ɗaukar sauti a can cikin kunne, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Wannan "tiiii" da mutum ke ji bayan ya fito, da jin kamar an cusa masa auduga, alama ce an wuce gona da iri.

Na soso ana samu a saidaliyya, wato kantin magani, da shagunan kayan gini, 'yan riyaloli ne. Amma yawanci ba a iya sa shi ba, sai ka gan shi rabi a waje kamar ƙaho. Ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri, ka zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura, ka riƙe da yatsa daƙiƙa 30 har ya kumbura. Idan muryarka ta koma kamar daga cikin randa take fitowa, ya zauna. Aibin na soso shi ne yana kashe siririn sauti fiye da bas. In da hali ka sayi na mawaƙa, na roba mai 'yar tata a ciki, yana rage desibel 15 zuwa 20 ba tare da ya dagula waƙar ba. Tishu da auduga ba sa yin wani abin kirki. Idan ƙarar kunne ta wuce kwana biyu, ko ji ya ɗauke a kunne ɗaya kwatsam, wannan na likita ne ba ɓata lokaci.

Mai Jita na Karantina

Malam Mai Mikisa, a gafarce ni, ban bi ka duka ba. In sauti mai tsabta kawai ake so, ai yana da shi a waya. Ƙaramar hafla abin da ta fi babba da shi shi ne kusanci: ka ga yatsun mai udu, garayar Larabawa, a kan tsirkiya, ka ga mai ganga na ɗaga wa mai bas gira in za su juya, ka ga takardar jerin waƙoƙi manne a ƙasa da salatif. Shawarata ya raba. Ƙungiyar da ya fi so ya matsa gaba, ta tsakiya, kunne a toshe. Sauran ya koma wajen teburinka. Inda ba a tsayawa ko kaɗan shi ne gaban lasifikar gefe.

Kuma ka san abubuwan da za ka gani, don kada ka ɗauka rashin iya aiki ne. Ƙarar nan mai tsinka kunne, makirufo ne ya ji abin da lasifika ta fitar ya sake mayar mata, abin ya yi ta zagaye. Ya fi faruwa in mai waƙa ya dunƙule kan makirufon da tafin hannu ko ya sauke shi ya kalli lasifikar ƙasa, kuma udu da jitar katako sun fi saurin kamuwa saboda cikinsu rami ne. Gurnanin da ba ya yankewa ko an yi shiru, na lantarki ne, galibi an jona kayan a soket daban-daban. Yawan tsayawa ana ɗaure tsirkiya kuwa laifin Jidda ne: an fito da kaya daga sanyin mota, an ratsa damshin waje, an shiga zafin fitilu. Katako na motsi, fatar ganga na saki. Ka ba su minti ɗaya, ba a yi wa mai ɗaure tsirkiya ihu.

Mai Mikisa

Na karɓa. Amma in ya je gaba, kada ya ajiye kofi ko waya a kan lasifikar ƙasa, kada ya taka wayoyin kayan sauti. Waya ɗaya ta zare, murya ta ɗauke, kowa ya juyo yana hararar mai tebur.

Baba Abu Hanan

Yaro, tambaya ɗaya kafin komai: haflar tana da lasisi? Tun da aka kafa Hukumar Nishaɗi a 2016, taron da ake sayar wa jama'a tikiti da izini ake yin sa. In tikitin a manhaja sananniya yake, irin su webook ko Platinumlist, ko wuri ne tsayayye mai sunansa a ƙofa, to madalla. In kuwa istiraha ce, gidan shaƙatawa na haya, a bayan gari, an ce a tura kuɗi asusun wani, sai ranar za a turo adireshi, ka bar ta. Mai iƙama, wato baƙo mai takardar zama, ba ya wasa da irin wannan. Ka riƙe shaidarka, ka duba shekarun da aka ƙayyade, ka sallaci Isha'i kafin ka shiga, ka faɗa a gida inda za ka da lokacin dawowa. Mu da mizmar, rawar ganga da sanduna, aka san unguwanninmu, ga shi tun 2016 UNESCO ta sa shi a kundinta, ku kuma sai jita. Allah ya kyauta.

Direban Layin Makka

Daren Alhamis hanyar Makka zuwa Jidda ba ta da kirki, kowa ya fito hutun mako. Jirgin Haramain daga tashar Rusaifa zuwa Sulaimaniyya wajen rabin awa ne, amma ka duba lokacin jirgin ƙarshe tun kafin ka sayi tikitin hafla, don waɗanda za su rufe taro ba sa hawa da wuri. Gara ka je da jirgi, ka shirya motar dawowa. In Uber ko Careem za ka kira, kada ka kira a bakin ƙofa lokacin da kowa ya fito, kuɗi na tashi, direba kuma ba ya gane ka cikin cunkoso. Ka taka layi biyu ko uku zuwa wata baƙala, ƙaramin kanti, mai haske, ka kira daga can.

'Yar Balad

Ƙanina, takalmi rufaffe mai taushin ƙasa. Silifas a cikin taro, sai an take maka yatsa ko ka fito da ƙafa ɗaya. Riga ta auduga, don ɗaki in ya cika na'urar sanyi ba ta iya masa. Ka ci abinci awa biyu kafin lokaci, ka sha ruwa rabin lita, ka ƙara wani tsakanin ƙungiya da ƙungiya. Masu faɗuwa a hafla galibi yunwa ce da tsayuwa ƙiƙam wuri ɗaya. Ka riƙa motsa ƙafa, in ka ji jiri ka fita gefe ka zauna tun kafin ido ya rufe. Wurare da yawa ba sa barin ruwan waje ko babbar jaka, ƙaramar jakar rataye ta isa. Katin banki na mada da 'yan kuɗi a hannu duka ka riƙe.

Tikiti: ka buɗe manhajar tun kana waje inda intanet ke ja. Wasu lambobin shiga canzawa suke yi, hoton allo ba ya aiki, kuma ta nan ake cutar masu sayen tikiti hannu na biyu, a sayar wa mutum biyar hoto ɗaya.

Abin da na fi so ka ji: kyamara dandamali take kallo. Ɗaukar mutane ba da izininsu ba laifi ne a dokar ɗa'ar jama'a ta 2019, akwai tara, balle mata. In da ƙanwarka za ka, ku tsaya gefe kusa da ma'aikatan tsaro, ku ajiye wurin haɗuwa in an rabu.

Ɗan Riyad

In abin ya shiga jininka za ka so manyan, to ka san ba ɗaya ba ne. Bikin kiɗa na Soundstorm a Banban ake yi, arewa da Riyad, tun 2019, a Disamba. Fili ne, tafiya da yawa tsakanin dandamali da dandamali, kuma sanyin daren Riyad na Disamba yana sauka ƙasa da digiri 10, ɗan Makka sai da jaket. Mai neman masu tasowa, taron mawaƙa na XP da ake yi a unguwar JAX ta Dir'iyya ya fi dacewa da shi, ɗakuna ƙanana ne. A Jidda akwai Balad Beast cikin tsohon gari.

A babban taro abin tsoro matsi ne. In mutane suka kai biyar a murabba'in mita ɗaya, ko ka ji jikkuna na matse ka ta kowane gefe ba ka iya ɗaga hannu, lokacin fita ya yi. Ka ɗaga hannaye gaban ƙirji kamar ɗan dambe don numfashi ya samu wuri, kada ka yi gaba da gaba da turin, ka bi shi kana zamewa gefe. Abu ya faɗi, ko waya ce, ba a sunkuyawa. Lambar gaggawa 911, motar asibiti 997.

Mai Jita na Karantina

Na manta. Yaran nan ba albashi gare su ba. Kuɗin ɗaki, hayar kaya da mai sauti daga tikiti suke fita, sau da yawa ba ragowa. In akwai tebur a bakin ƙofa da riguna ko kaset, abin da ka saya a nan ya fi musu saurare dubu a manhaja. Kuma ka zo da wuri. Mai ɗaki yana ƙirga kawunan da suka tsaya wa ƙungiyar farko, da shi yake sanin ko zai sake kiran su. In waƙa mai sanyi ce, surutu a bari sai an fita. A ƙaramin ɗaki mai waƙa yana jin hirarka kalma-kalma.

Ɗan Rusaifa

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura ɗaya: bidiyon hafla da abokai ke turowa sautin duk a fashe yake. Akwai dabara?

Mai Mikisa

Makirufon waya ƙarami ne, bas ke cika shi ya tsage. Rufe shi da yatsa ba ya gyarawa, dushewa kawai yake ƙarawa. Ka ɗauka daga wajen tebur, nesa da lasifikokin bas na ƙasa. Ka sa bidiyon a 1080, don 4K mai firam 60 na cin kusan megabait 400 a minti, waya ta yi zafi, batir ya zube, ga tikitin jirgi da lambar direba duk a cikinta. Kashe filasha, rage hasken allo, riƙe wayar daidai ƙirji don na bayanka ma kuɗi ya biya. Minti ɗaya a kowace ƙungiya ya isa. In sabuwar waƙa ce da suka ce ba ta fita ba tukuna, ka tambaye su a bakin teburin riguna kafin ka ɗora.