Fijo 504 ta ƙi tashi bayan doguwar ajiya

Mai Fijo: Assalamu alaikum 'yan zaure. 504 ɗin mahaifinmu ce, haɗin Kaduna, ta fi shekara uku a garejin gida ba a taɓa ta ba. Na sa sabon batir, sitata na juya inji lafiya, filogi na ba da wuta, amma ta ƙi tashi. Wani ya ce famfon mai ne. In sayo sabo?

Oga na Panteka: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Cire murfin matatar iska, ka ɗiga fetur kaɗan a bakin kafireta, ka ja baya, a tayar. In ta kama ta mutu nan take, inji lafiya yake, mai ne ba ya isowa. Daga nan sai a bi hanyar man, don famfo ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ake zargi.

Mai Fijo: An yi, Oga. Ta kama ta mutu.

Oga na Panteka: Madalla. Yanzu cire wayar kwayil saboda tartsatsi, ka zare tiyon da ya fito daga famfo zuwa kafireta, ka sa bakinsa a kwalba, wani ya juya inji. Famfon 504 ba na lantarki ba ne, injin ne ke buga shi, don haka mai zai riƙa fitowa tsalle-tsalle da ƙarfi. In bai fito ba, kada ka yanke masa hukunci. Samo sabon fetur a galan, ka haɗa gajeren tiyo daga galan kai tsaye zuwa mashigar famfon. Ya ja? To famfo ba shi da laifi, toshewar tana baya, ko a tanki ko a bututu. Bai ja ba? Robar cikinsa ta bushe, ko bawul ɗinsa sun manne.

Direban Maraɗi: Ni tankin nake zargi. Fetur in ya daɗe yakan zama danƙo, ya yi ja, warinsa ya koma na fenti. Ga tsatsa, tunda tankin ƙarfe ne kuma damina uku ta wuce a kansa. A sauke shi a wanke, in ba haka ba sabon famfon ma datti zai sha. A duba hujin numfashin tanki kuma, zanzaro na son yin gini a irin wuraren nan.

Ɗan Kofar Ruwa: Yallaɓai, ka huta da wahala, sa famfon lantarki kawai. Kana murɗa makulli ya cika kafireta.

Oga na Panteka: A'a ƙanena, sai an faɗi wane iri. Na motocin injekta yana tura mai da ƙarfin wajen bar 3 (bar ma'aunin matsi ne), kafireta kuwa abin da take so bai wuce bar 0.3 ba. Ka sa mai ƙarfin nan, allurar da ke rufe mashigar mai a kafireta ba za ta iya tare shi ba, mai ya malale kan inji mai zafi. In dole sai na lantarki, a nemi mai ƙaramin ƙarfi, a sa masa fiyus da rile. Ni dai na asalin na fi so, ba ya tsayawa aiki sai inji ya tsaya.

Hajiya Mai Golf: Tawa ana jin kukan famfo daga baya da an murɗa makulli. Shi ma ya saurara mana.

Direban Maraɗi: Hajiya, famfon motarki na lantarki ne, a cikin tanki yake. Tasa ba ta da wannan kukan.

Oga na Panteka: Abu ɗaya kafin ka hau titi, Alhaji. Zaro sandar baƙin mai ka shinshina. In akwai warin fetur, ko man ya haura alama, robar famfo ta yage tana zubar da fetur cikin inji. Sai a canja famfo da baƙin man tare. Tiyon roba kuma duk a sake su, don mai tsagewa yana zuƙar iska ko da bai ɗiga ba. Kuma don Allah kada yara su zuƙi mai da baki.

Mai Fijo: Daga galan ya ja, Oga. Gobe in sha Allahu za a sauke tanki. Wa ya san mai wankin tanki na kirki a Zariya?