Kai ƙarfe a tsoma shi a tutiya: me ya taɓa samunku?

Mai walda, Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum. An ba ni aikin ƙafar tankin ruwa na wata rijiyar burtsatse. Mai aikin ya ce ba ya son fenti, galbanayiz yake so, wato a tsoma ƙarfen cikin narkakkiyar tutiya. Ban taɓa kai irin wannan aiki ba. Manya, me zan gyara tun daga shago?

Tsohon hannu, Daura: Wa alaikumus salam ƙanena. Huji, huji, huji. Duk bututun da ka toshe bakinsa, ka huda shi sama da ƙasa. Zafin kwamin da ake narka tutiyar a ciki ya kai digiri 450. In ruwa ya maƙale a ciki, nan take zai zama tururi, bututun ya fashe, tutiya ta fantsamo wa ma'aikata. Ni sandunan fitilar sola na kai, na rufe su ruf don kada ruwan sama ya shiga, wai ni gwani. Mai duba kaya ya ƙwanƙwasa ɗaya da makullin mota, ya ce ko ɗaya ba za ta shiga ba. A bakin ƙofarsu na ari injin huji, kwana biyu ina biyan direba kuɗin jira.

Yaron shago, Sabuwar Unguwa: Oga, mu fenti ne ya ci mu. Maigidana ya sa na rubuta lamba a kowane ƙarfe da fentin mai don kada su ruɗe mana wajen haɗawa. Ashe asid ɗin da suke wanke ƙarfe da shi kafin a tsoma tsatsa kawai yake ci, ba ya taɓa fenti. Kaya suka dawo suna ƙyalli, amma ga lambobina nan baƙi ƙirin, tutiya ba ta kama wurin ba. Har yau ana tsokanata. Yanzu sai dai mu buga lambar da guduma. Kashin walda, wato ɓawon da ke taruwa a kan wurin da aka yi walda, shi ma haka, in ba ka gurje shi ba.

Mai ƙofofi, Ƙofar Marusa: Kada ka liƙa falle mai sirantaka a jikin ƙarfe mai kauri. Siririn ne ke fara ɗaukar zafi. Ƙofata ta dawo a murɗe kamar faifai. A tsoma su daban, a haɗa da noti.

Tsohon hannu, Daura: Af, na manta. Ka tambayi tsawon kwaminsu kafin ka yanka ƙarfe, kuma ramin noti ka ɗan ƙara masa faɗi, don tutiya na ƙara kauri. In sun dawo da damina, kada ka jibge su a jiƙe, farar tsatsa za ta fito. Sa katako tsakaninsu iska ta ratsa.

Mai walda, Ƙofar Ƙaura: Allah ya saka da alheri, Baba. Ƙafafu huɗu na riga na toshe su jiya. Bari in je in nemo injin huji.