Ya sake ni daga Kano, gida kuma yana Manchester

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. A Kano aka ɗaura mana aure shekara 11 da suka wuce, daga baya muka koma Manchester da zama. Gidan da muke ciki da sunansa aka saya, amma rabin kuɗin biyan bashin banki na kowane wata daga albashina yake fita, aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi. Ya tafi gida hutu, sai ga saƙon murya: saki ɗaya. Wai in gama idda in kwashe kayana, tunda ba mu yi rajista a nan ba kotu ba ta san da zamana ba. Haka ne?

Yayar Birmingham:
Ƙanwata, tsorata ki yake yi. Maganar da ya riƙe ta shafi auren da aka ɗaura a cikin Ingila ba tare da rajista ba, wanda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a 2020 doka ba ta ɗauke shi aure ba. Naki a Kano aka ɗaura, dokar Najeriya ta yarda da shi, don haka Ingila ma ta yarda. Ko da kotu ce ta raba auren a can kuma Ingila ta amince da sakin, wata dokar Ingila ta 1984 ta ba ki damar neman rabon dukiya a nan. Shari'ar Agbaje da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2010 ai 'yan Najeriya ne, kuma matar ce ta yi nasara. Kada ki bar gidan. Ki ga lauya ya shigar da haƙƙinki na zama a ofishin rajistar filaye, kar a sayar ba ki sani ba.

Malam Na Zariya:
Baiwar Allah, a fiƙihu saki ba ya raba dukiya biyu, kowa da abin da ya mallaka. Sai dai kuɗin da kika zuba haƙƙinki ne, in ba kyauta kika ba shi ba. Sadaki da kayan ɗaki naki ne, ci da wurin kwana na idda a kansa suke, renon yara kuma a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta. Kuma saki ɗaya ne, akwai kome. An sa manya a ciki kuwa?

Uwar Biyu:
An sa, Malam. Kawunsa cewa ya yi in yi haƙuri. Yaya, takardun banki duk suna hannuna, takardar ɗaurin auren ce take wurin mahaifina a Kano. Zan sa a aiko mini.